Kallon ƙwallo a lambunan Abuja: iya ruwa fidda kai

Duk wanda ya ratsa Wuse, Garki, Jabi ko Gwarinpa a daren Talata ko Laraba, lokacin da ake buga Gasar Zakarun Turai, ba ya bukatar a gaya masa cewa an zura ƙwallo a raga. Ihu ɗaya ne ke tashi daga lambunan shaƙatawa da mashayu da gidajen kallo, ya bi titi har ya iske mai gadi a bakin ƙofa. Da yawa daga cikin masu wannan ihun su ne da safe za ka gani cikin manyan riguna da kwat a Sakatariyar Gwamnatin Tarayya, suna tafiya a natse da fayil a hammata. A gaban majigi kuwa, darakta da masinja kujerar roba iri ɗaya suke zama, kuma a nan ne kaɗai ƙaramin ma'aikaci zai dubi na gaba da shi ya ce, “Yallaɓai, yau fa ƙungiyarka ta sha kashi,” ya kuma kwana lafiya.

Ina cikin masu ganin cewa wannan zama yana da amfani, kuma bai kamata a raina shi ba. Abuja gari ne da aiki ya tara mutanensa, kowa ya baro danginsa da dandalinsu a wani wuri. Wanda ya taso a Kano ko Zariya ya saba da majalisar ƙofar gida bayan sallar la'asar, amma a nan maƙwabcinka na iya shekara bai san sunanka ba. Wurin kallon ƙwallo ne ya maye gurbin wannan majalisa ga dubban ma'aikata. Sai dai ra'ayina shi ne, ma'aikacin gwamnati da hadimin babban mutum ba sa shiga irin wannan wuri su kaɗai. Ofishinsu na biye da su, sunan maigidansu na biye da su, albashin wata ma yana cikin aljihu. Minti 90 sun isa mutum ya yi asarar ɗaya daga cikin waɗannan, wani lokaci ma har da ransa.

Kafin a zargi kowa da yawon dare, ya kamata a duba abin da ya fitar da mutane daga gidajensu. A watan Maris na 2025 kuɗin DStv na tsarin Compact Plus ya kai naira 30,000 a wata, na Premium kuma naira 44,500, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar lantarki na masu rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Wanda ba ya cikin wannan rukuni kuma, sai ya tanadi man janareta, wanda farashinsa ya ninka tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Idan ma'aikaci mai matakin albashi na 8 ya haɗa wannan lissafi, sai ya ga kwalbar lemo ɗaya a lambu ta fi masa sauƙi. Bayan haka, ƙwallo abu ne da ba ya daɗin kallo a kaɗaice. Wanda ya kalli ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Iceland a 2018 cikin taron jama'a ya san bambancin.

Na san akwai masu cewa maganar ba ta ma taso ba, domin mutumin kirki ba shi da abin yi a inda ake sayar da giya. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Malaman Musulunci sun yi hani da zama a teburin da ake shan barasa, ko da mutum ruwa kawai yake sha, haka kuma limaman coci da dama suna gargaɗin mabiyansu a kan mashaya. Hausawa ma sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ga wanda imaninsa ya hana shi, hanya a buɗe take, domin Abuja cike take da gidajen kallo da wuraren cin abinci da teburan masu shayi da ke nuna wasa ba tare da an ajiye kwalba ko ɗaya ba, kuma su nake ba shi shawarar ya nema. Amma gaskiyar da kowa ya sani ita ce, abokan aikinmu da yawa, Musulmi da Kirista, suna zuwa lambunan da ake sha, wasu don abokai sun ja su, wasu don oga ya ce a haɗu a can. Idan muka yi shiru ba za su daina zuwa ba. Gara a faɗa musu yadda za su shiga su fito da mutuncinsu.

Abu na farko shi ne zaɓen wurin, kuma a nan tarihi ya ishe mu darasi. A ranar 17 ga Yunin 2014 bam ya tashi a wani gidan kallo a Damaturu ana tsakiyar kallon wasan Brazil da Mexico na Gasar Cin Kofin Duniya, mutane da dama suka rasu. A watan Yunin 2019 an sake kai irin wannan hari kan masu kallon ƙwallo a Konduga ta Jihar Borno. Abuja ma ta taɓa ɗanɗanawa, domin a daren 31 ga Disambar 2010 bam ya fashe a kasuwar Mami da ke barikin Mogadishu, inda jama'a ke taruwa cin gasasshen kifi. Ba kuma sai da maƙiyi ake samun asara ba. A ranar 20 ga Afrilun 2017, a Kalaba, wayar wutar lantarki mai ƙarfi ta tsinke ta faɗo kan rufin kwanon wani gidan kallo ana kallon wasan Manchester United da Anderlecht, mutanen da suka fito nishaɗi aka kwashi gawarwakinsu.

Ba na kawo waɗannan don in tsorata kowa ba. Na kawo su ne don mai shiga wuri ya saba da yin amfani da idonsa na minti ɗaya kafin ya zauna. Ƙofa nawa ce a wurin, kuma a buɗe take ko an ɗaure ta da kwaɗo don kada wani ya sulale bai biya ba? Ana duba masu shigowa da jakunkuna? Motoci suna tsayawa dab da inda jama'a ke zaune? Akwai manyan wayoyin lantarki a saman rufin? Ina aka ajiye janareta da jarkokin mai, kusa da murhun mai gashin kifi ne? Wurin da ya faɗi waɗannan tambayoyi bai cancanci kuɗinka ba, komai girman majiginsa. Idan ka samu wanda ya yi, ka zauna inda kake ganin ƙofa, ka kauce wa lungun da sai ka tsallake kujeru 20 kafin ka fita. Ka kuma riƙe lambar gaggawa ta 112 a ka.

Abu na biyu shi ne lokaci. Agogon Nijeriya ba ya canzawa, amma na Turai yana canzawa sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta watan Maris da Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba. Shi ya sa wasan Firimiya na ƙarfe 3 na rana a Ingila yake zama ƙarfe 4 a nan daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, manyan wasannin Zakarun Turai kuma suke farawa ƙarfe 9 na dare maimakon 8. Wasan da aka fara ƙarfe 9 zai tashi wajen 11, idan kuma na sili-ɗaya-ƙwale ne aka shiga ƙarin lokaci da bugun fenareti, sai a doshi 12. Ma'aikacin da ke zaune a Mararaba ko Kubwa ko Lugbe, wanda dole ya fito da asuba don ya riga cunkoso, shi ya san abin da wannan ke nufi. Shawarata ita ce, a ranakun aiki mutum ya koma unguwarsu tukuna, ya kalli wasan a inda zai iya takawa zuwa gida. Tsayawa a cikin gari don a kalla tare da abokan ofis yana da daɗi, amma tafiyar kilomita 20 ko 30 da tsakar dare ce kuɗinsa. Ga mai sallah kuma, wasannin yamma sukan ci karo da magariba. Hutun rabin lokaci minti 15 ne, ya isa alwala da sallah, kuma ba a taɓa jin ƙungiyar da ta faɗi don wani magoyin bayanta a Garki ya tashi ya yi sallah a kan lokaci ba.

Abu na uku, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne harshe. Aikina tace labarai ne kafin su fita, saboda haka kunnena ya saba da tsintar abin da zai iya zama kanun labari. Wani dare ina kallon wasa a wani lambu, teburin da ke bayana wasu matasa ne huɗu, ɗaya daga cikinsu daga jin maganarsa hadimin wani babba ne. Kafin a tafi hutun rabin lokaci na san jirgin ƙarfe nawa maigidansa zai hau washegari, na san garin da zai sauka da hanyar da za a bi da shi, na kuma san sunan wanda ake shirin cirewa daga wani muƙami. Ban tambaye shi ba, ban ma juya ba. Ƙarar majigi ce ta sa yake ɗaga murya, farin cikin ƙwallon da aka ci kuma ya kwance masa linzami. Ni ban yi komai da abin da na ji ba. Amma ban san su wane ne sauran mutum 50 da ke wurin ba, shi ma bai sani ba, a ƙasar da garkuwa da mutane ta zama sana'a.

Dokokin Aikin Gwamnati sun sanya fallasa bayanan ofis ba da izini ba cikin manyan laifuffukan da ke iya kai mutum ga kora, ga kuma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da har yanzu take aiki. Kada a fahimce ni ba daidai ba. A matsayina na ɗan jarida ina son gwamnati ta buɗe littattafanta, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta tanadi ƙofar da ake bi. Wanda ya ga ɓarna ya tona ta ta hanyar da ta dace ya yi wa ƙasa hidima. Wanda kuwa ya zazzage sirrin ofis a kan farantin kifi don abokai su san shi ma na ciki ne, bai taimaki kowa ba, wuyansa kawai ya miƙa. Magana zarar bunu ce, kuma baki shi ke yanka wuya. Idan wayar ofis ta shigo ana tsakiyar wasa, ka tashi ka fita waje ka amsa. Idan wani ya jawo zancen ma'aikatarku, ka mayar da shi kan alƙalin wasa, ai shi kullum akwai abin faɗi a kansa.

Kusa da harshe akwai kyamara. Yau kowane tebur yana da wayoyi huɗu ko biyar, kuma da zarar an ci ƙwallo sai a ɗaga su. Bidiyon daƙiƙa 10 da aka ɗauka don a nuna murna zai iya nuna ka a gefe, da katin shaidar ofis rataye a wuya, ga kwalabe jere a gabanka waɗanda wataƙila ma ba naka ba ne. Kafin gari ya waye ya zaga WhatsApp, ya isa zauren ma'aikatarku da na 'yan garinku. Mai kallon bidiyo ba ya tambayar wa ya sha, wa bai sha ba. Don haka ka cire katin shaida kafin ka shiga, kada ka je da motar ofis mai lambar gwamnati, kada kuma ka bar jakar da ke ɗauke da kwamfuta ko takardun aiki a kujerar mota a wajen ajiye motoci. Hadimi ya tuna cewa hoton ba sunansa zai ɗauka ba, sunan maigidansa zai ɗauka. Mutanen da suka ce ba a mugun sarki sai mugun bafade sun san yadda abin na kusa ke shafar na sama.

Abu na huɗu shi ne aljihu. Ladabin wurin a bayyane yake. Mai lambu ya biya kuɗin tauraron ɗan'adam da man janareta, saboda haka bai dace mutum ya tare kujera awa biyu da robar ruwa ɗaya ba. Ka sayi wani abu daidai ƙarfinka. Amma ka tambayi farashin kifi ko farfesu kafin a ɗora a wuta, ka kuma gaya wa mai hidima tun farko cewa lissafinka daban ne, domin teburin mutum 8 da aka haɗa wa takarda ɗaya yakan ƙare da rigima, ko kuma mai kunya ya biya wa kowa. Ka dubi adadin da aka danna a na'urar POS kafin ka sa lambar sirri. Ka kuma yi hattara da kalmar nan da ke fitowa a lokacin murna, “A kawo wa kowa!” Ta sha cinye kuɗin cefanen mako guda a cikin numfashi ɗaya.

Babban ramin aljihu dai shi ne caca. A da sai mutum ya taka zuwa shago, yanzu shagon yana cikin waya, kuma tallansa na gilmawa a kan majigin da kake kallo. Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka ka haɗa wasanni 10 a tikiti ɗaya, kuma kai gwani ne har kowane hasashenka yana da damar cin 60 cikin 100. Damar a ce duka goman sun zo daidai kimanin 6 cikin 1,000 ce kawai. Kamfanonin sun san wannan lissafi, da shi suke biyan kuɗin tallan. Wanda ya sa kuɗi a wasa ya daina kallon ƙwallo, kuɗinsa yake kallo suna gudu a fili, shi ya sa za ka ga mutum ya fusata a kan bugun kusurwa a wasan da ba ruwansa da ƙungiyoyin. Daga caca sai bashin manhajojin waya, waɗanda wasunsu suka yi ƙaurin suna wajen aika saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayar wanda ya ci bashin, har da ta shugabansa a ofis. Ma'aikata da yawa ba su san cewa Dokokin Aikin Gwamnati sun lissafa nutsewa cikin bashi har ya zama abin kunya a cikin manyan laifuffuka ba. Addini ya haramta caca, lissafi ma bai goyi bayanta ba.

Abu na biyar ya shafi masu sha da waɗanda ke zama da su. Dokar hanya ta haramta tuƙi cikin maye, kuma titunan Abuja masu faɗi da santsi suna ruɗin direba da dare har ya taka mota fiye da yadda ya zata. Wanda ya san zai sha ya bar motarsa a gida. Wanda bai sha ba kuma yana da haƙƙi a kan abokinsa. Ka karɓe makullin, ko da zai yi fushi, domin fushin dare ɗaya ya fi zaman makoki. Idan za a koma gida, a kira mota ta manhaja a duba lambarta kafin a shiga, ko a tafi tare da wanda aka sani. Tsayawa a bakin titi ƙarfe 11 na dare a tare duk motar da ta tsaya, a garin da 'yan wan-cans suka addaba, ganganci ne. A tuna kuma cewa maye da zage-zage da dambe duk suna cikin abubuwan da dokokin aiki suka kira rashin ɗa'a, kuma takardar tuhuma ba ta tambayar ko ƙungiyarka ce ta ci kofi a daren.

Abu na shida shi ne tsokana, wadda ita ce gishirin kallon ƙwallo. Nijeriya ta rabu tsakanin ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya tun zamanin da Nwankwo Kanu ya ja mutane zuwa Arsenal a 1999, Mikel Obi kuma ya ja wasu zuwa Chelsea daga 2006. Babu laifi a yi wa juna dariya. Iyakar ita ce a tsaya a kan ƙungiya da koci da 'yan wasa. Da zarar zance ya koma kan iyayen mutum ko ƙabilarsa ko addininsa ko jam'iyyarsa, an bar wasa. A watan Mayun 2009, bayan Barcelona ta doke Manchester United a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, wani direba a Jihar Ribas ya afka wa masu murna da motarsa, mutum 4 suka mutu. 'Yan wasan da aka yi dominsu sun yi musabaha a filin Rum sun koma gidajensu, ba su ma san an yi ba. Idan ka ga fuskar abokin zama ta canza, ka sassauta. Idan oga ne ƙungiyarsa ta faɗi, tsokana ɗaya ta isa, domin kujerar roba ta dare ce kawai, da safe kowa zai koma teburinsa. Sannan mai bin sakamako a waya ya yi wa jama'a adalci, ya riƙe bakinsa, domin saƙon waya kan riga hoton majigi da 'yan daƙiƙoƙi, kuma babu abin da ke ɓata kallo kamar a yi ihun ƙwallo tun tana tsakiyar fili.

Akwai kuma zuciya, ta ainihi, wadda ke cikin ƙirji. A daren 7 ga Fabrairun 2024, da Nijeriya ta fitar da Afirka ta Kudu a bugun fenareti a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Nahiyar Afirka, kafafen yaɗa labarai sun ruwaito rasuwar mutane da dama da suka yanke jiki suka faɗi suna kallo, ciki har da tsohon ɗan Majalisar Wakilai, Dakta Cairo Ojougboh. Likitoci sun daɗe da lura da haka. Wani bincike da aka yi a birnin Munich lokacin Gasar Cin Kofin Duniya ta 2006 ya nuna cewa masu zuwa asibiti da ciwon zuciya na gaggawa sun ninka fiye da sau biyu a ranakun da Jamus ke wasa. Ma'aikacin da ya haura shekara 40, yana zaune a kujera tun safe, ga hawan jini, ga gishirin tsire, ga hayaƙin taba, bai kamata ya ɗauki wannan da wasa ba. Ya sha maganinsa a kan lokaci, idan kuma ya ji ƙirji ya ɗaure ko numfashi na sarƙewa, ya gaya wa na kusa da shi nan take a nufi asibiti. Tashi a bar bugun fenareti ba ragwanci ba ne.

Kada kuma a manta da waɗanda ke yi mana hidima a wurin. Yarinyar da ke kawo lemo 'yar wani ce, ta fito neman halalinta, kuma tana tsaye tun yamma. A kira ta da mutunci, a ce “ƙanwata” ko “malama”, a bar tafa hannu da fito kamar ana kiran dabba. Mata masu son ƙwallo ma suna ƙaruwa a waɗannan wurare, wasunsu abokan aikinmu ne, kuma zuwansu kallo ba gayyata ba ce ga kowa. Mai shan taba ko shisha ya sani cewa Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015 ta hana busa hayaƙi a wuraren taruwar jama'a sai a inda aka keɓe. Can a gida kuma akwai masu jira. Kakar wasa tana farawa a Agusta ta ƙare a Mayu, kusan kowane mako akwai wasa a ranaku huɗu ko biyar. Magidancin da ya ce sai ya kalli duka, 'ya'yansa za su girma suna ganin ƙeyarsa. Ya zaɓi wasannin da suka dame shi, ya gaya wa iyalinsa inda yake da lokacin da zai dawo.

Nauyin ba a kan mai kallo kaɗai yake ba. Hukumar Babban Birnin Tarayya da ƙananan hukumomin yankin suna karɓar haraji da kuɗin lasisi daga waɗannan wurare, saboda haka ya zama wajibi su riƙa duba abin da suke karɓar kuɗi a kansa. Bai kamata a ce ba a tunawa da lambu sai ranar da za a rushe shi ba. A sanya sharuɗɗa masu sauƙi waɗanda kowane mai wuri zai iya cikawa, kamar ƙofofin fita guda biyu a buɗe, tukunyar kashe gobara mai aiki, wayoyin wuta da ƙwararre ya ja, tazara tsakanin motoci da jama'a, da hana yara 'yan ƙasa da shekara 18 shiga inda ake sayar da barasa ko buga caca. A riƙa zagayawa ana dubawa a daren manyan wasanni, lokacin da wuraren ke cika, maimakon ranar Litinin da rana da babu kowa. Ƙungiyoyin ma'aikata da ke da wuraren shaƙatawa nasu su ma za su iya sa majigi su buɗe wa mambobinsu, a samu wurin da mai iyali zai je da ɗansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Na kalli wasan ƙarshe na Kofin Nahiyar Afirka a daren Lahadi 11 ga Fabrairun 2024 a wani lambu da ya cika maƙil. Da William Troost-Ekong ya ci ƙwallon farko, wani dattijo da ban taɓa gani ba ya rungume ni yana magana da harshen da ba na ji, ni ma na amsa masa da Hausa, kuma mun fahimci juna sarai. Da Franck Kessié ya farke, Sébastien Haller kuma ya ƙara ta biyu, wurin ya yi tsit har ana jin ƙarar janareta. Aka tashi 2 da 1, kowa ya biya kuɗinsa ya nemi hanyar gida, domin washegari Litinin ce, ƙarfe 8 za a buɗe ofis. Dattijon ya dafa kafaɗata a bakin ƙofa ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo, “Sai wani lokaci, ɗana.” Saboda irin wannan daren nake kare zaman kallo, kuma saboda shi nake roƙon mu kiyaye shi daga abin da zai ɓata shi. Allah Ya kai mu wasa na gaba lafiya, Ya kuma mayar da kowa gidansa da mutuncinsa.